Malamin Jami'a da Koyarwa ta Intanet: Me Ke Sa Wani Ya Karɓa, Wani Ya Ja da Baya?

  Ina gaishe da mutanen Bahindi, manya da yara. Ina gaishe da na Bagudo da Kaoje da Illo da Zagga, da na Lolo da Tsamiya. Ina gaishe da masunta a bakin Kwara, da 'yan kasuwar Tuga. Haka kuma 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, mutanen Segbana da Malanbil a Jamhuriyar Benin, waɗanda muryarmu ke riska. 

Yau maganar jami'a za mu yi. Kada wani ya ce, ni manomi ne, ina ruwana da jami'a? Da ruwanka, malam. In ɗanka yana jami'ar Aliero, da ruwanka. In 'yarki tana jami'a a Kalgo ko Sakkwato ko Zariya, Hajiya, da ruwanki. Ko da yanzu yaron yake firamare, hanyar ke nan yake bi, in Allah ya yarda.

Ga tambayarmu ta yau. Malamai biyu, jami'arsu ɗaya, ofishinsu na kallon juna. Ɗaya yana tura wa ɗalibansa darasi ta waya. Ɗayan ya ce shi dai allo da alli, wanda bai zo aji ba ya yi asara. Me ya raba su? Ku riƙe tambayar. Me ya raba su?

Kashi na farko, bari mu fayyace abin da muke nufi.

In an ce koyarwa ta intanet, ba abu guda ba ne. Akwai mai sauƙi, wanda kowa ya sani: malami ya buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, ya tura takardar lacca, ko ya naɗi muryarsa ya aika. Akwai na kai-tsaye, irin su Zoom da Google Meet, inda malami ke magana ɗalibai na kallonsa a lokacin, kowa daga inda yake. Sai na uku, manhajar da ake ginawa don karatu kawai, irin su Moodle da Google Classroom. A nan malami ke ajiye darussan zango gaba ɗaya. A nan ɗalibi ke miƙa aikin gida. A nan ake ba shi maki. Wanda ya shiga an sani, wanda bai shiga ba an sani.

Ita Moodle ɗin nan, labarinta ya shafe mu. Wanda ya ƙirƙiro ta, Martin Dougiamas, ɗan Ostareliya ne, ya kuma fitar da ita a 2002. A can cikin hamada ya tashi, nesa da kowace makaranta. Karatunsa na yarinta ta rediyo ya yi shi, malaminsa na wani gari mai nisan gaske. Wato yaron da nisa ya so ya hana karatu, shi ne ya gina manhajar da jami'o'in duniya ke amfani da ita yau. Na faɗi wannan ne don yaron da ke saurarona a Bahindi ya ji.

Kashi na biyu, mu koma shekarar 2020.

Kun tuna korona. A watan Maris na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. Ɗalibai suka tattaro kayansu suka dawo gida. Ma'aikatar ilimi, a lokacin Malam Adamu Adamu ne minista, ta ce jami'o'i su koma koyarwa ta intanet. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce babu kayan aikin da za a yi hakan da su. Ga shi kuma a watan nan na Maris ƙungiyar ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai a Disamba. Wata 9 cur. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun ci gaba da karatu ta intanet, ɗalibansu suka gama zango. 'Ya'yan talakawa kuwa suna gida. Waɗansu sun koma gona, waɗansu sun kama kabu-kabu, waɗansu 'yan matan aka yi musu aure, karatun bai sake komawa yadda yake ba. A 2022 aka sake wani yajin, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Tun daga lokacin ake ta yi wa malaman jami'a wani zargi. Ana cewa tsoron kwamfuta suke yi. Ana cewa sun tsufa, ba sa son sabon abu. Ni ban yarda da wannan zargi ba, kuma zan faɗi dalilina. A rikicin nan na 2020, gwamnati ta ce sai an biya malamai albashi ta wani tsarin kwamfuta da ake kira IPPIS. Malaman suka ƙi. Suka zauna suka gina nasu tsarin, suka sa masa suna UTAS, suka ce a gwada shi. Mutanen da suka iya gina manhajar biyan albashi ba za a ce WhatsApp ya gagare su ba. Akwai masu jin nauyin na'ura a cikinsu, babu shakka. Amma ruwa ba ya tsami banza. Malamin da ya ja da baya, lissafi ya yi.

Wannan lissafin shi ne kashi na uku, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Ku manoman shinkafa kun fi kowa sanin wannan lissafi. Ku tuna lokacin da sabon iri ya fara shigowa fadamunmu. Ku tuna bayan an ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Kowa ne ya karɓi sabon iri rana ɗaya? A'a. Wani ya gwada a kusurwar gona. Maƙwabcinsa ya zuba ido. Da kaka ta yi aka ƙirga buhuna, sai mutum uku suka bi. Baɗi goma suka bi. Akwai kuma wanda har yau yana riƙe da irin da ya gada, kuma yana da hujjarsa: sabon irin yana son taki, yana son ruwa, yana son man injin ban-ruwa, shi kuwa ba shi da jarin.

Wani masani ɗan Amurka, Everett Rogers, ya rubuta littafi a 1962 a kan yadda sabon abu ke yaɗuwa cikin jama'a. Shi ma ɗan manomi ne, daga jihar Iowa. Mahaifinsa ya daɗe yana ƙin sabon irin masara. Sai aka yi fari a 1936. Masarar maƙwabci mai sabon iri ta tsaya da ƙafarta, tasu ta bushe. Daga nan tsohon ya sallama. Gani ya kori ji. Rogers ya ce in ka ɗauki mutum 100, kamar 2 ko 3 ne ke fara gwada sabon abu. Kamar 13 su biyo su da wuri. Sai 34 su shigo bayan sun ga alama. Wasu 34 sai abin ya zama ruwan dare. Ragowar 16 su ne na ƙarshe. Haka yake a gona, haka yake a jami'a.

To, me malami ke dubawa kafin ya shigo? Wani masanin, Fred Davis, ya taƙaita shi a 1989 cikin tambayoyi biyu. Ta farko: abin nan zai amfane ni a aikina? Ta biyu: zai wahalar da ni? Ku sake ji. Zai amfane ni? Zai wahalar da ni? In amfanin ya rinjayi wahalar, mutum zai karɓa. In wahalar ta rinjaya, ko da wa'azi ba zai karɓa ba. A 2003 wasu masana, Viswanath Venkatesh da abokan aikinsa, suka ƙara abu biyu. Na ɗaya, me na kusa da ni ke yi, shugabana da abokan aikina? Na biyu, an tanadar min abin da zan yi aikin da shi?

Maganar amfani ba ta da wuyar ganewa. Ku ɗauki malamin da ke koyar da kwas ɗin da kowane ɗan aji ɗaya sai ya yi. Ɗakin lacca ya cika maƙil. Wasu na zaune a taga, wasu na tsaye a waje. Lasifika ta lalace. Na baya ba sa jin komai sai hayaniya. Ga takardun gwaji ɗaruruwa, shi kaɗai zai duba su da jan biro. Wannan malami, in ka nuna masa manhajar da za ta duba gwajin zaɓi-ɗaya cikin ƙiftawar ido, ta fitar da makin kowa, ba sai ka roƙe shi ba. Ya ga amfani. Amma malamin da ke koyar da aikin ɗakin gwaje-gwaje, ko tiyatar dabbobi, ko gwajin ƙasa a jami'ar noma ta Zuru, zai ce maka hannu ne ke koyon aikinsa. Shi ma gaskiyarsa ce. Bidiyo zai taimaka masa, amma ba zai maye gurbin ɗakin gwaji ba.

Kashi na huɗu: wuta da data. In ba a yi maganarsu ba, ba a fara maganar ba.

Mu leƙa gidan wani malami, ba sai mun kira suna ba. Ƙarfe tara na dare. Yara sun kwanta, gida ya yi shiru, yanzu ne zai iya naɗar darasi. Ya buɗe kwamfuta, caji saura kaɗan. Babu wuta tun la'asar. In ya tayar da janareta, ƙararta za ta shiga cikin muryar. In bai tayar ba, kwamfuta za ta mutu a tsakiyar bayani. Ga man fetur, kun san inda kuɗinsa ya kai tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayu na 2023. Ya lallaɓa ya naɗi minti ashirin. Ya zo ɗorawa, sabis ya yi ƙasa. Abin ya kai rabi ya tsinke. Ya sake daga farko. Datar kuma ta aljihunsa ce, daga albashin da zai sayi masara da maganin yara. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ku gaya mini, mutumin nan zai sake gwadawa gobe?

Jami'o'in su ma suna kuka. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, zuwa naira 225 kowane ma'auni. Manyan jami'o'i da dama suna wannan rukuni, kuma kuɗin ya yi musu nauyi. Inda aka yi hoɓɓasa kuwa an ga bambanci. A 2019 aka buɗe tashar wutar sola mai ƙarfin megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. Irin wannan ne malami ke nufi in ya ce a ba shi kayan aiki. Asusun TETFund, wanda ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ya gina cibiyoyin kwamfuta a makarantu da yawa, kuma abin a yaba ne. Sai dai ɗaki cike da kwamfutoci ba ya koyar da kowa in babu wuta, babu intanet, babu kuma ma'aikacin da zai gyara in abu ya tsaya.

Ku riƙe wannan: wuta, data, da mai gyara. Malamin da ya san in ya maƙale akwai wanda zai kira ya zo ya warware masa, shi ne ke da ƙarfin halin farawa. Taron horo na kwana biyu, a raba takardar shaida a watse, ba ya wadatarwa. Ranar da manhaja ta ƙi buɗewa ana saura minti biyar a fara darasi, a ranar ake bukatar mutum.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan abin da ke sa malaman jami'a su karɓi koyarwa ta intanet ko su ja da baya. Yanzu mun zo kashi na biyar. Wannan namu ne, mutanen bakin iyaka. A ganina ma shi ne mafi nauyi duka.

Darasin intanet baki biyu gare shi. Malami na riƙe da baki ɗaya. Ɗaya bakin yana hannun ɗalibi. Ɗalibin nan kuwa, lokacin hutu ko yajin aiki, yana ina? Yana nan tare da mu.

Mu ɗauki wata ɗaliba 'yar Bahindi. An sanar a zauren aji cewa Dakta zai yi darasi ta Zoom ƙarfe goma na safe. Tun jiya ta kai wayarta wurin mai caji, ta biya, aka manna mata lamba. Da safe ta gama aikin gida ta aika ƙaninta ya karɓo. Ta je wurin mahaifinta ta durƙusa.

"Baba, don Allah a taimaka min da kuɗin data. Malaminmu zai yi karatu ta waya."

"Ke 'yar nan, ba shekaranjiya na ba ki ba?"

"Ta ƙare, Baba. Bidiyo ne, yana sha da yawa."

Ya laluba aljihu ya ba ta, don ba ya son ta rasa. Ta sayi data. Ta fita bayan gida inda sabis ya fi kamawa. Ta shiga. Fuskar malami ta bayyana, ta daskare. Murya na zuwa guntu-guntu. Can sai wayar ta saki layin Najeriya ta kamo na Benin, kamar yadda wayoyin bakin iyaka ke yi. Kafin ta dawo da shi an wuce inda ta tsaya. Da daddare ta rubuta wa malamin: "Ranka ya daɗe, don Allah a yi haƙuri, sabis ne ya ɗauke."

Yanzu ku koma gefen malamin. Ɗalibai 200 ne suka yi rajistar kwas ɗinsa. Ya duba fuskar kwamfuta ya ga ƙalilan ne suka shigo, yawancinsu 'yan birni. Saƙonnin ban-haƙuri kuma sun cika masa waya. Malami mai tsoron Allah zai tambayi kansa: in na ci gaba a haka, wa nake koyarwa, wa nake zubarwa? In na kawo tambaya daga darasin nan a jarrabawa, na yi wa 'yar Bahindi adalci? Malamai da yawa a nan suka tsaya. Ba don sun ƙi fasaha ba. Sun ƙi raba ajinsu gida biyu ne.

Mu a nan ma abin ya taɓa yi mana tsanani fiye da na sauran wurare. Kun tuna an rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019. A Nuwamba na shekarar hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garuruwa irin su Lolo da Tsamiya sun ji a jikinsu. Mai caji da janareta yake aiki. Turken sabis shi ma da mai yake tashi. Watanni kaɗan bayan haka korona ta zo, aka ce yaranmu su yi karatu ta waya.

Amma fa akwai hanya, kuma malamai masu lura sun gano ta. Ita ce a zaɓi abin da zai isa ga ɗalibi mafi nisa. Awa ɗaya ta bidiyo kai-tsaye tana iya cinye kusan gigabayit guda na data. Saƙon murya na minti goma kuwa ko megabayit goma ba ya kaiwa. Gigabayit ɗaya megabayit 1,000 ne, ku kwatanta. Kuma saƙon murya yana jira. In sabis ya zo da tsakar dare, ya sauka. In ɗaliba ba ta gane ba, ta mayar ta sake ji, sau uku, sau huɗu, ba mai harararta. Wanda ya sauke zai iya tura wa abokinsa waya zuwa waya ba tare da data ba. Malamin da ya gwada wannan ya ga ajinsa ya biyo shi, shi ne ke ɗorewa. Wanda ya fara da bidiyo ya ga aji ya watse, shi ne ke cewa intanet ba ta yi ba.

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, tun 1976 take, kuma malaman firamare da yawa a garuruwanmu ta hanyarta suka samu shaidar koyarwa suna bakin aikinsu. Buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo. Jarrabawar JAMB kuma tun 2015 gaba ɗayanta da kwamfuta ake yi. Kusan duk ɗan Bagudo da ya shiga jami'a daga lokacin, ta gaban kwamfuta ya bi.

Kashi na shida. Akwai dalilan da malamai ba su cika faɗa a bainar jama'a ba. Bari mu faɗe su, cikin mutunci.

Babba a ciki shi ne ƙarin girma. A jami'a, abin da ya fi ɗaga malami daga mataki zuwa mataki, har ya kai farfesa, shi ne binciken da ya wallafa a mujallun ilimi. Shirya kwas guda a manhaja yana cin makonni. Sai ka rubuta, ka naɗa, ka gyara, ka tsara tambayoyi, ka amsa saƙonni. In ranar tantancewa ta zo, takardun da ka wallafa za a ƙirga. Matashin malami mai iyali, wanda ke son ya matsa gaba, ina zai zuba darensa? Kowa ya san amsa. Ina ganin wannan gyara ne da ba ya bukatar kwangila ko gini. Majalisar jami'a ce za ta zauna ta ce, daga yau kwas ɗin da aka shirya da kyau a manhaja yana da maki a ƙarin girma. Ranar da aka yi haka, za a ga sauyi.

Akwai kuma fargabar naɗi. Abin da malami ya faɗa a aji, a aji yake tsayawa. Abin da aka naɗa kuwa yana iya yawo. A yanko rabin magana, a watsa a Facebook ko TikTok, a ce ga abin da malamin jami'a ya ce. Malamin da ke koyar da tarihi, ko siyasa, ko addini, dole ya yi tunani sau biyu. Wani kuma yana tambaya: laccar da na shekara goma ina tacewa, in na ɗora ta, ta wa ce? Tawa ko ta jami'a? Wani ba zai kwashe ya buga da sunansa ba? Tambaya ce mai kyau, kuma hukumar jami'a ce ya kamata ta amsa ta a rubuce.

Malamai mata suna da nasu ƙarin nauyin. Buɗe zauren WhatsApp yana nufin ɗaruruwan mutane sun samu lambarki. Saƙo na shigowa har tsakar dare, wani na karatu, wani ba na karatu ba. Ga maigida, ga yara, ga girki. Ɗalibai mata ma haka, lambarsu na fita ga duk wanda ke zauren. Shi ya sa manhajar jami'a ta fi zauren waya kare mutunci, domin ba a ganin lambar kowa, kuma abin da aka rubuta yana nan a ajiye in an bukaci shaida.

Sai satar amsa. In ɗalibi na gida yana rubuta gwaji, wa ya san ko shi ne, ko yayansa? Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta amsa in an tambaye ta, damuwar ta ƙaru. Saboda haka malamai da dama suka tsaya a tsakiya: darasi da aikin gida ta intanet, jarrabawa kuma a zaure, ido na ganin ido. A halin da muke ciki, ni ma nan na tsaya.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Akwai wanda sayar da takardun lacca ke kawo masa ɗan abin cefane, ko da yake jami'o'i da yawa sun hana. In darasi ya hau intanet kyauta, wannan ƙofa ta rufe. Akwai kuma wanda takardarsa ta yi shekaru ba a sabunta ba, ba ya son a gani. Suna nan, amma ba su ne masu yawa ba, kuma bai dace a shafa wa kowa baƙin fentinsu ba.

Game da shekaru kuwa, a yi hattara da yanke hukunci. Akwai dattijon farfesa da ke duba aikin ɗalibansa na digiri na uku ta intanet, wasunsu ma suna ƙasashen waje. Akwai matashin da ke wuni a Facebook amma bai taɓa tura wa ajinsa shafi ɗaya ba. Abin da ya fi shekaru tasiri shi ne shugaban sashe. In ya fara da kansa, na ƙasa za su bi. In ya yi ko-in-kula, mai himma ma zai gaji.

Kashi na ƙarshe, mu da ke gida, me ke hannunmu?

Iyaye, in yarinya ta ce za ta yi karatu ta waya, kada a fara da zargi. A tambaye ta, wane malami, wane darasi? A ce ta kunna a ji. In murya ce ta malami yana bayani, a ba ta wuri da lokaci, a ɗauke mata aike na wannan sa'a. Kuɗin data na karatu a sa shi a lissafin kuɗin makaranta, tare da na littafi da na mota.

Ɗalibai, ku da wakilan ajinku, ku gaya wa malamanku gaskiyar inda kuke. Da ladabi. Ku ce, "Malam, mu na bakin iyaka bidiyo ba ya isa gare mu, in da hali a haɗa mana da murya da rubutu." Malami ba zai san halin Bahindi ba in ba ku faɗa masa ba. Kuma in ya yi ƙoƙari ya turo, ku saurara, ku yi aikin, ku amsa. Ba abin da ke kashe wa malami gwiwa kamar ya hana idonsa barci ya tura darasi, ya ga ba wanda ya buɗe. Zauren aji kuma na karatu ne, a bar tura tallace-tallace da jita-jita a cikinsa.

Ƙungiyoyin ci gaban gari da na ɗalibai 'yan asalin Bagudo, ga aiki a gabanku. Ɗaki ɗaya a makarantar gari, faifan sola, batir, wurin caji, da benci. A lura da inda sabis ya fi ƙarfi kafin a zaɓi wurin. A ware wa mata lokacinsu. Masu wakiltarmu a majalisar jiha da ta tarayya kuma, in sun zo gaisuwa, a tambaye su maganar turken sabis da maganar wuta, a kuma sake tambaya in sun dawo. Jiharmu ta Kebbi tana da jami'ar Aliero tun 2006, da ta tarayya ta Birnin Kebbi tun 2013, da ta noma a Zuru. Gwamnan jiha, Dakta Nasir Idris, malami ne, ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa, sai a kai masa ita.

Malaman jami'a da ke saurare, musamman 'ya'yan wannan yanki, roƙona ɗaya ne. Zangon da ke tafe, ku ɗauki kwas guda. Bayan kowace lacca ku naɗi minti biyar na muhimman abubuwan da kuka faɗa, ku tura wa wakilin aji. A ƙarshen zango ku duba takardun jarrabawa, ku gaya wa abokin ofishinku abin da kuka gani.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman ɗalibai da malamai, a aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.